Hoton Birtukan a Tashar Jirgi

Askale ce ta saya wa ɗanta kyamararsa ta farko, kuma duk wanda ya taɓa shan gahawa a gidanta ya ji wannan labari. A lokacin tana aiki a kicin ɗin wani gidan kula da tsofaffi a Stockholm, Ermiyas kuwa yaro ne mai shiru-shiru, in an je biki sai ya laɓe bayan kujera yana ƙare wa mutane kallo. Yanzu ya zama magidanci, ɗaukar hoto ne sana'arsa, har jaridun ƙasar na buga aikinsa. Ita ta yi ritaya, tana zaune ita kaɗai a wani bene a unguwar Husby.

Mutuniyar Addis Ababa ce, ta yi boko, ta yi aikin ofis kafin ta baro gida. A zamaninta ana maganar kyanta, kuma ba ta bari an manta ba. Ko shara za ta zubar sai ta sa jambaki.

Ƙawarta Birtukan ba haka take ba. Daga wani ƙauye na yankin Gojjam a ƙasarsu 'yarta ta ɗauko ta don ta yi renon jikoki, jikokin suka girma, ita kuma ta zauna. A wuyanta akwai baƙin zane layi-layi irin na matan karkara, haƙoranta biyu na gaba sun zube, kuma a lokacin sanyi takan ɗora wata ƙatuwar rigar surukinta a kan fararen kayanta. Askale ce ta koya mata shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita ke raka ta wurin likita ta yi mata tafinta. Suna son juna, amma kowa ya san wace ce gaba.

Wata Lahadi bayan an taso coci, wuyan hannun Askale na ciwo, sai ta bar wa Birtukan suyar gahawa. Birtukan ta zauna a 'yar kujera tana kaɗa kasko, hayaƙi na tashi ta gaban taga, tana wata 'yar waƙa ta hanci. Ermiyas ya shigo da ledar cefane, ya tsaya cak a bakin ƙofa. A hankali ya ajiye ledar, ya zaro kyamara.

"Tsaya in gyara mayafina," in ji Askale, tana miƙe wuya.

"Emaye, ba ke ba. Ɗan matsa kaɗan, kina tare hasken," in ji Ermiyas. Emaye yake kiran uwarsa, wato Mama a yarensu, Birtukan kuwa Etiye, wato Gwaggo.

Ta matsa. Har ta yi dariya a ranar, tana cewa yaron nan zai tsufa bai san abin da ya dace a ɗauka ba.

Amma abin bai tsaya nan ba. Ermiyas ya shiga bin Birtukan ko'ina. Ya bi ta ɗan lambun da take haya a bayan unguwa, inda take noman ganyen miyar da suke kira gomen tana yi masa faɗa kamar yaro in ya ƙi girma. Ya bi ta kasuwa, ya bi ta tashar bas. In ya biyo wurin uwarsa, takalmansa duk taɓo, ba shi da zance sai nata.

"Kin taɓa lura da tafiyarta a kan ƙanƙara? Takan ɗan duƙa gaba, kamar mai goye da tulu. Tulun ba ya nan, amma bayanta bai manta ba."

"Ciwon baya ne. Ni na kai ta asibiti."

"Emaye, ni a nan aka haife ni. Duk abin da na sani na gida hotunan bangon nan ne, kowa ya sha kwalliya ya sandare kamar an ce kada ya yi numfashi. Na daɗe ina neman yadda mutanenmu suke in ba kowa na kallonsu. Etiye Birtukan ba ta ma san ana kallo ba."

Askale ta dubi hotunan bangon. Rabinsu nata ne. Ta ɗebo masa injera, gurasar ƙasarsu, da miyar kaza ta dangwara a gabansa, ta ce ya ci kafin ta huce.

A tsakiyar hunturu ta shiga gari ganin likitan ido. Tana saukowa daga jirgi ta ɗaga kai, sai ga Birtukan a bangon tasha, tsawonta ya fi na ƙofar coci. Tana tsaye a tashar bas cikin dusar ƙanƙara, farin mayafinta ya saje da farin gari har ba a gane inda ya ƙare, sai fuskar da zanen wuyan da wannan mummunar rigar. A ƙasa an rubuta ranar buɗe baje kolin hotuna, da sunan Ermiyas. Askale ta tsaya mutane na bangaje ta. Hoton ya yi kyau, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta nemi aibinsa ta rasa. Da ta isa wurin likita aka ce ta karanta haruffan allo, sai ta ga idonta ya ciko, ta ce iskar waje ce.

Washegari ta je gidan Birtukan, ta zauna ba ta ko cire safar hannu ba.

"'Yar'uwa, na rasa ta inda zan fara. Yaron nan ya manna ki a tasha, kowa na gani. Giɓinki a waje, ga rigar nan. Kin san Turawan nan, ganin abin tausayi suke so. Ni dai na ji kunya a madadinki. Da ni ce, sai in ce ya cire."

Birtukan ta dafe ƙirji. "A tasha? Ni?"

"Ƙatuwa kuwa."

"Kamar yaya girman?"

"Ya fi wancan bangon."

Birtukan ta sunkuyar da kai, Askale ta ɗauka maganar ta shiga. Can sai ta ga ta miƙe tana laluben takalmi. "Tashi ki kai ni. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa fin bango girma ba."

Haka Askale ta raka ta, don ba ta da hanyar ƙi. Birtukan ta tsaya ƙarƙashin hoton ta ɗaga kai har mayafinta ya zame, ta ƙyalƙyale da dariya. "Dubi rigar nan! Bas nake jira, ƙafata ta daskare, shi yana can tsallake yana ta ƙyas-ƙyas." Wata budurwa mai jar hula ta dubi bango, ta dubi tsohuwar, ta buɗe baki. Ta matso tana tambaya cikin ladabi ko za su ɗauki hoto tare. Askale ce ta fassara, kuma ita aka miƙa wa wayar. Ta ɗauka, ta san sarai ta yanke kawunansu, ta mayar da wayar tana murmushi.

Ranar buɗe baje kolin ta sa rigarta ta saƙi mai zaren zinariya, wadda ba ta fito ba tun auren Ermiyas. Zauren ya cika da Turawa da mutanen gida. Ta bi bango tana duba hotunan ɗaya bayan ɗaya: Birtukan a lambu, Birtukan na barci a bas da leda a cinya, Birtukan na sumbatar ƙofar coci. Ta zaga ta sake zagawa. A hoton suyar gahawa ta ga labulenta, ta ga butarta ta ƙasa da ta ɗauko tun daga Addis a naɗe cikin zani. Iyakar abin da ta samu nata ke nan.

Tana tsaye a wurin ta ji wata 'yar jarida ta kama hannun Birtukan tana cewa lalle tana alfahari da ɗanta. Birtukan ba ta jin yaren sosai, sai gyaɗa kai take tana washe giɓi. Ermiyas ya yi sauri ya ce a'a, ga mahaifiyata can, ya nuna Askale. Matar ta waiwayo, ta yi mata murmushin gaisuwa, ta koma kan Birtukan.

Askale ta nufi inda ake rataye rigunan sanyi. Ermiyas ya same ta tana kokawa da maɓalli.

"Emaye, ina za ki? Ba a ma yi jawabi ba."

"Uwarka na ciki, sai ta saurara."

"Haba, Emaye."

"Butata ta shiga, labulena ya shiga. Ni ce ban isa ba? Me na rasa, giɓi? In je a cire mini haƙora?"

Ya shafa kai. "Na sha gwadawa. Tun ina yaro nake ɗaukarki. Amma da na ɗaga kyamara sai ki shirya fuska. Fuskar da nake gani a kicin ba ita ke fitowa ba."

Ta bar maɓallin ta dube shi. "Ka san inda na koyi shirya fuska? A layin ofishin 'yan gudun hijira. A makarantarku, duk ranar da aka kira ni a kanka. A wurin aiki, in tsoho ya tofar da abincin da na dafa ya ce in koma inda na fito. Da na je musu da fuskar kicin, da sun taka ni sun taka ka. Ita da ta zo ta tarar an share hanya, dole ta yi ta dariya."

Aka leƙo ana kiransa, ya tsaya yana duban ta yana duban ƙofa. Ta ce ya tafi, ta san hanyar gida.

Bayan kwana biyu ya zo da kyamara, ya ce yau ita zai ɗauka, ta yi harkarta kawai kamar ba ya nan. Ta yi ƙoƙari da gaske. Ta yanka albasa, ta goge tebur, ta zauna bakin taga. Amma duk inda ya juya tana jin idon kyamarar a jikinta, kafaɗunta su miƙe da kansu, haɓarta ta ɗaga. Ya nuna mata hotunan a bayan kyamara. Mace ce kyakkyawa mai kamun kai tana yanka albasa. Ya ce sun yi kyau, ta ce sun yi kyau, daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar.

Ta daina zuwa gidan Birtukan. A coci sukan gaisa sama-sama. Ta ji labarin wai har a kanti ana tsayar da Birtukan, wai ta sayi sabuwar rigar sanyi, Ermiyas ya roƙe ta ta koma tsohuwar. Kowane labari sai ya kwana yana cin Askale, amma in ba a kawo mata ba sai ta tambaya.

Ƙanƙara ta narke, itatuwa suka fara toho. Wata safiya aka buga ƙararrawar ƙofa, ta buɗe ta ga Birtukan, fuska a murtuke. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta zauna.

"Ɗan nan naki lafiya yake?"

"Lafiya ƙalau. Me ya faru?"

"Na yi shuka, na gama, bai leƙo ba. Na kira shi, wai aiki ya yi masa yawa. Ashe wani ya samu. Kin san Gashe Wondimu, tsohon direban tasin nan?"

"Mai ƙaton ciki?"

"Shi. Wai yanzu kamun kifi yake a kan gada a tsakiyar gari, tun safe har yamma, kifin ma ba ya kamuwa. Shi yaron ke bi. Wai hannayensa na tuna masa masuntan tafkin Tana na can gida. Mutumin da ko kwale-kwale bai taɓa shiga ba!"

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Askale, har sai da ta juya baya don kada a ga fuskarta. "Haka yake tun yana ƙarami," ta ce a hankali. "In ya gama kallon abu, ya gama. Ai da kin tambaye ni."

"Ke ba ya gamawa da ke, tun da ke kika haife shi," in ji Birtukan da ɗaci. "Ni fa?"

Askale ba ta taɓa zaton akwai abin da Birtukan za ta yi mata hassada a kai ba. Ta juya maganar a ranta, ta ji daɗinta, ko da yake maganar ba ta goge mata ƙaton hoton nan na tasha daga zuciya ba.

Da rana suka shiga jirgi zuwa gari, wai za su sayi zare. Daga nesa suka hango su a kan gada: Gashe Wondimu ya jingina da ƙarfe riƙe da sandar kamun kifi, hula ta rufe masa ido, Ermiyas kuwa ya durƙusa a ƙasa da wandonsa mai kyau yana neman ta inda haske ya faɗo. Bai gan su ba. Suka sami benci suka zauna, jaka a cinya.

"Dubi yadda yake tura ciki gaba," in ji Birtukan. "Ya san ana ɗaukarsa."

"Ya sani mana. Wannan ai ba zai yi kyau a bango ba."

"Ko kaɗan."

Suka ci gaba da kallo. Iska ta taso daga ruwa, tsohon ya ɗaga hannu ya dafe hularsa, tsuntsaye suka watse ta bayansa. Suka ji ƙarar kyamarar har inda suke.

"Wannan zai yi kyau," in ji Askale, ranta a ɓace.