Kafin Wata Shida Ya Cika

Ni dai tun ranar da Kanal Witlo ya leƙo kicin yana tambayar ciwon bayana na san da walakin, goro a miya. Shekara goma sha tara ina dafa wa mutumin nan abinci, tun muna gonarsa ta taba a jihar Bajiniya, bai taɓa sanin ina da baya ba sai ranar.

"Tamar, kin rame," in ji shi. "Ba kya kewar 'yarki?"

"Ina yi, ranka ya daɗe."

Wace uwa ce ba za ta yi ba? Fibi tana da shekara bakwai aka taho da ni Filadelfiya, aka bar ta a gona wurin kakarta. Na ma saya mata jan takalmi tun makon da muka iso, yana nan naɗe cikin tsumma a ƙasan shimfiɗata.

"To ki shirya. Ranar Litinin Kato mai keken doki zai kai ki gida ki gan ta."

Na durƙusa na yi godiya.

Kada in ci haƙƙinsa, Kanal ya canza. Yana cikin waɗanda suka yi yaƙin korar sojojin sarkin Ingila, har yau yana ɗingishi. A da, a gabana ya sha faɗin Allah ya halicci baƙar fata don noma ne. Amma tun da muka zo birnin nan ya soma cuɗanya da masu ƙyamar bauta, sai harshe ya juya. Baƙi na cin gasasshiyar agwagwata, shi yana dukan tebur, wai abin kunya ne ƙasar da ta zubar da jini don 'yanci ta riƙe mutum kamar akuya. Dole a kawar da bauta, in ji shi, amma a hankali. Ni kuma ina tsaye a bayansa riƙe da kwanon miya. Sau ɗaya har hawaye na gani a idonsa, kuma ba na jin na ƙarya ne. Shi ya sa ma na rasa gane kansa.

Washegari a kasuwa na tsaya wurin Iya Hagar, wata tsohuwa 'yantacciya mai sayar da farfesun tumbi.

"Ke baƙauyiyar Bajiniya, wa ya mutu kika ɓata fuska haka?"

Na gaya mata. Ta ajiye ludayi ta ƙura mini ido.

"Yaushe rabonki da fita jihar nan?"

"Ban taɓa fita ba, Iya. Sai lokacin kaka, da uwargida ta ɗauke ni muka haye kogi zuwa jihar da ke ƙetare sayen tuffa."

"Tuffa!" Ta tafa hannu. "Duk tuffar da ke kasuwar nan ba ta ishe ta ba? Kai, Allah ya yi mana maganin masu wayo. Zo nan ki ji, sakarai."

Ta ja ni bayan tukunya. Ashe dokar jihar nan ta ce bawan da ubangidansa ya kawo, in ya zauna wata shida cur bai fita ba, ya zama ɗa, ya samu 'yancinsa. Amma da zarar ƙafarsa ta taka wata jiha, ko na yini ɗaya, lissafi ya koma farko.

"Ƙirga da kanki," in ji ta. "Daga tuffar nan zuwa yau."

Na ƙirga da yatsu. Saura mako biyu wata shida ya cika. Ashe tafiyar tuffar ma dabara ce. Har tuffa guda uwargida ta ba ni ranar, na ci ina murna!

"Ki yi ciwon ƙarya," Iya Hagar ta ce. "Ki kwanta ki yi ta nishi. In lokaci ya cika akwai masu tsaya miki a gaban alƙali."

"Fibi fa?"

Ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da juya miya.

Duk da haka na ce bari in gwada shi, kada in ɗauki alhakin bawan Allah. Da na kai masa shayin la'asar sai na ce, "Ranka ya daɗe, tafiyar nan da nisa, ga bayana. Me zai hana Kato ya ɗauko yarinyar ta zo nan? Ta isa taya ni wanke-wanke."

Cokali ya tsaya cak a cikin kofin. Ya kalli taga, ya kalli takalminsa, ni ce kaɗai bai kalla ba.

"Iskar birni ba ta yi wa yara kyau," ya ce. Can ya ƙara da cewa, "Kuma kin san noman bana bai yi ba. Mai kula da gona yana ta matsa mini in rage bakuna, in sayar da wasu. Ni dai ban amsa ba tukuna."

Murya a tausashe ya faɗa, kamar mai yi mini jaje. A nan na gane ya san na sani. Na ɗauki faranti na fita.

Ranar Litinin na hau keken doki. Da muka kusa dutsen da ke kan iyakar jiha, Kato ya ja linzami. Shi ma bawa ne, kuma shi ba ya taɓa yin wata guda bai ƙetare ba.

"Yaya Tamar, ga daji nan," ya ce, bai waiwayo ba. "Ni zan ce bawali kika sauka yi, na neme ki na rasa. Bulala ce, na saba."

Na dubi dajin. Wallahi na so in sauka, har ƙafata ta motsa. Sai na ji taurin takalmin nan a cinyata.

"Kaɗa dawakinka, Kato."

Muna isa gona Fibi ta sheƙo da gudu ta rungume ni, ta yi tsawo har ta kai ƙirjina. Na zaunar da ita na kwance tsumman. Muka tura, muka murɗa, kakarta har man alade ta shafa mata a dunduniya. Takalmi ya ƙi shiga. Ta rungume abinta a haka ta ce ba komai, za ta riƙa kallonsa.

Na koma Filadelfiya, na koma bayan kujerar Kanal da kwanon miyata, ya ci gaba da dukan tebur. Bayan wata biyar da 'yan kwanaki, ina yankan albasa, na ji sandarsa a bakin ƙofar kicin.

"Tamar," ya ce, "yaya bayan naki?"