Hoto a Bakin Taga

Tsohon direban ya tura wayarsa kan teburin mai hoto, ya ce, "Duba min wannan, ɗana. Ko dai idon wayar ne ya mutu?"

Mai hoto ya ɗauka ya duba. Wata mata ce zaune gaban keken ɗinki, taga a buɗe a bayanta. Bishiyar da ke waje ta fito ganye-ganye, har shanyar maƙwabta ana gani, amma ita matar baƙi ƙirin, kamar da almakashi aka yanko ta.

"Wace ce, Baba?"

"Uwar 'ya'yana ce. Duk wanda na ɗauka haka yake fitowa. Autarmu tana aure can nesa, ga tsohon ciki, ta kafe wai muna ɓoye mata wani abu. Ta ce in ba ta ga fuskar uwarta yau ba, gobe za ta hau mota. Ni kuwa na san hanyar nan, ba ta mai ciki ba ce."

Mai hoto ya yi murmushi. "Wayarka lafiyarta lau, kwaɗayi ne da ita. Inda haske ya fi yawa nan take aunawa, sai ta runtse ido saboda tagar, ta bar mutum a duhu. Kafin ka ɗauka, taɓa fuskar da yatsa. Wata 'yar rana za ta fito a gefe, ka ja ta sama. Tagar za ta koma fari fat, amma fuska za ta fito. Ko kuma ka ce Mama ta juyo ta fuskanci tagar, shi ya fi sauƙi."

"A wurinka. Na juya manyan motoci a lungu, ita kam ban taɓa iya juya ta ba."

Sai da ya gwada a kan mai hoton a bakin ƙofa, har abin ya zauna masa, sannan ya kama hanyar gida.

Ya tarar da ita inda ya bar ta, tana cusa zare a allura. Ya ɗaga wayar ya taɓa fuskarta, ya ja 'yar ranar sama. Bishiyar ta ɓace. Ga ta nan sarai, da furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali.

"Zo ki ga ikon Allah, Maman Auta."

Ta leƙa, ta ƙura wa hoton ido. "Wa ya koya maka wannan, Malam?"

"Yaron nan mai hoto."

"Bai kyauta ba." Ta mayar da ido kan allurar. "Kullum ina ɗaukar hoton ɗinki ina tura wa masu kaya. Ka ɗauka ban san abin da taga take yi wa mutum ba?"

Sai a lokacin ya sake duban hoton. Tun ciwon da ya kwantar da ita watannin baya, gefen bakinta na hagu ya ɗan karkace. Ba su gaya wa Auta ba. Shi da yake kallonta safe da yamma har ya daina gani.

Ya zauna a bakin gado, wayar a cinyarsa. "In goge?"

"In ka goge, gobe tana hanya."

"To ki ba ni gefen dama kawai. Ba wanda zai gane."

Ta juya masa gefen daman, ta gyara ɗankwali. Ya tashi ya daidaita, ya taɓa fuskar, ya ja hasken. Yana shirin dannawa sai ta juyo gaba ɗaya, ta dube shi ido cikin ido.

"Yarinyar nan ni na haife ta, rabin fuska ba zai zaunar da ita ba. Ɗauka haka." Ta ɗan gyara zama. "Amma in ta kira tana kuka, kai za ka fara amsawa."