Tsinken Kwallina

Shekara arba'in ina sa wa yaran gidanmu kwalli. Tsinke ɗaya ne, na uwata, da shi na zo gidan miji daga Gololo. In sa wa wannan, in share masa kwantsa da bakin zanina, in jawo na gaba. Ba wanda ya taɓa cewa na yi laifi.

Ni dai nawa idon ya daɗe da lalacewa. Gashin ya juya ciki, yana kartata kamar ƙaya. Mas'uda matar ɗana ke tsige min da matsefata. Na ɗauka tsufa ne.

Bana sai ga jikata Khaulat ta wajen Mas'uda, 'yar shekara huɗu, tana tashi ido a liƙe, ƙudaje na bin ta. Na ƙara mata kwalli, abu ya ƙaru. Muka kai ta asibitin Azare.

Malamar asibitin ta ɗaga fatar idon yarinyar, ta ɗaga tawa.

"Iya, wa ke share mata fuska?"

"Ni mana. Uwar tana can tana latsa waya."

"Da me?"

Na nuna mata bakin zani. Har tsinken na ciro, don ta san mu ba masu sakaci ba ne.

Ta ce, "Iya, ciwonki ne a idonta. In aka bari, inda naki ya kai nan nata zai kai."

Na ce, "'Yar nan, da na fara sa kwalli ko uwarki ba ta yi haƙori ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ba da magani, ta ce a riƙa wanke fuskar da ruwa da sabulu safe da yamma, kuma kowa da tsummansa.

Ruwa wai! Rijiyar tuƙa-tuƙarmu ta mutu tun damina. Jarka biyu ake kawo mana a amalanke, sha da girki da alwala duk a ciki.

Yanzu alwalata sau ɗai-ɗai nake wankewa, sauran butar na Khaulat ne.

Ran Juma'a yara suka jeru jiran kwalli, na ce tsinke ya ɓata. Mas'uda ta ga lokacin da na jefa shi masai, amma ta taya ni nema har ƙarƙashin gado.

Kullum sai na jawo fuskar yarinyar dab da tawa. Hazo kawai nake gani.

"Mas'uda, yaya idon?"

"Da sauƙi, Iya."

Haka take ce min a kan nawa, shekara shida ke nan.