Dakan Ƙaiƙayi a Limawa

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, kimanin shekara goma da shigowar Nasara, babu gidan da mutanen Limawa suke yi wa kyakkyawan zato kamar gidan Malam Nata'ala. Rumbuna uku ne a tsakar gidan, ana hango jinkarsu tun daga gindin duwatsu. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, shi ya gina su, kuma a zamaninsa ba a taɓa share ƙasansu ba. Ɗan ya gaji rumbunan, ya gaji sunan, amma hatsin ya ƙare tun kafin tsakiyar rani. Daga shi sai matarsa Rakiya suka san haka, sai kuma Wanda ba a ɓoye Masa komai.

Da yunwa ta kai jama'a ga tonon gidan tururuwa, Malam Nata'ala ya hau da kansa ya yi wa rumbunan sabuwar jinka. Duk wanda ya zo roƙo sai ya ce masa irin shuka ne ya ajiye wa gari, ba za a buɗe ba sai ruwa ya sauka. Kowace safiya kuma Rakiya takan zuba ƙaiƙayi a turmi ta yi ta daka, domin maƙwabta su ji tabarya. Abincinsu kuwa busasshiyar tafasa ce da ɗan barbaɗen dusa.

"Malam, hannuna ya gaji da wannan ƙarya," in ji ta wata rana.

"Ki daka. Sunan Baba nake rufa wa asiri."

"Baba yana kabari, ba ya jin daka."

Ya juya ya fita zaure.

A kwanakin nan ne ayarin masu gyaran hanya ya sauka a ƙarƙashin dabinai. Shugaban leburorin wani Banufe ne daga bakin Kwara, mai bin addinin Almasihu, Hausa a bakinsa kamar ɗan Kano. Ya ji labarin rumbunan, ya zo neman hatsi domin mutanensa. Malam Nata'ala ya shigar da shi har tsakar gida domin ya gani da idonsa, sannan ya ce ba na sayarwa ba ne.

Banufen ya daɗe yana duban ƙasa kafin ya yi magana, kuma a hankali ya yi ta, yadda ko Rakiya ba ta ji ba.

"Malam, ka gafarce ni. Gindin rumbu uku, babu tururuwa ko ɗaya. Ana daka kullum, amma ko kurciya ba ta sauka a bakin turmin. Gobe da hantsi za mu tashi kudu, inda aka sami damina. Wanda ya biyo mu yana da mudunsa, shi da iyalinsa. Ka zo."

"Ni in ɗauki kwandon ƙasa a ka?"

"Mu an koya mana cewa Almasihu ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, bai kuwa ragu da komai ba. Kwando ya fi wannan jinka sauƙin ɗauka."

Maganar ta soki Malam Nata'ala, domin ba baƙuwa ba ce gare shi. Shi da kansa ya sha karantar da ɗalibai zuhudun Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda bai gina gida ba, bai ajiye abincin gobe ba. Amma jin ta daga bakin wanda ba ya alwala ya fi masa yunwar ciwo.

"Ka zo sayen hatsi ne ko wa'azi? Ga ƙofa."

Washegari dattawan unguwa suna zaune a zaurensa, suna kallon masu ɗaure kaya za su bi ayarin, sai ga ƙanwarsa Lauratu daga Yalwawa. Mijinta ya rasu a farkon yunwar. Tana goye da 'yarta Madina, mai shekara huɗu, wadda ƙafafunta suka zama kamar sillen kara. Ta durƙusa a bakin zaure ta gaishe su.

"Yaya, shawara na zo nema. An ce masu hanya suna ɗaukar mata masu dafa abinci. In bi su, ko in zauna? Yarinyar nan ba za ta kai girbi a ɗakina ba."

Dattawa shida suna duban bakinsa. Kalma ɗaya ake bukata, kuma ya san ta. Ya buɗe baki zai ce mata ta bi su. Sai wani tsoho, Baba Jaji, ya yi dariya.

"Ke Lauratu, wa ya taɓa ganin 'yar mai rumbu uku tana hura wa lebura wuta?"

Malam Nata'ala ya gyara zaman rawaninsa. "Kin ji dai. 'Yar gidan nan ba ta bin hanya da ƙwarya. Shiga ciki."

Fuskarta ta saki. "Madina, kin ji? Yau tuwon kawunki sai ya gaji da ke." Ta shige tana sa masa albarka. Daga inda yake zaune yana ganin ayarin yana ratsawa tsakanin duwatsu, Banufen a ƙarshe, har suka ɓace.

Rana ta farko Rakiya ta kawo tafasa, Lauratu ta ce tattali ne. Rana ta biyu ma haka. A ta uku Madina ta daina kuka, ta daina neman ruwa. Lauratu ta fito da sassafe ta karɓi tabarya domin ta taya daka, sai ta leƙa turmin. Ta jingina tsani, ta hau rumbun farko ta ɗaga jinka, ta sauko ta hau na biyu, ta hau na uku. Malam Nata'ala yana tsaye da butar alwala a hannu.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun kafin rasuwar mijinki."

"Ka sani ranar da na tambaye ka?"

"Mutane suna zaune, Lauratu."

"Mutane suna zaune," ta maimaita. Ta goya 'yarta, ta fita ta kama hanyar kudu. Ya bi ta yana kira, bai fi zango ɗaya ba ƙafafunsa suka ƙi. Ayarin ya ba ta kwana uku, ita kuwa ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

Bayan kwana biyu wasu Fulani masu komawa da ragowar shanunsu suka tsaya a ƙofar gidansa. Sun ce sun tarar da mace da yarinya a gindin wata tsamiya, yarinyar ta riga ta cika, uwar kuwa ta iya faɗin sunan unguwa kafin ita ma ta bi ta. Sun yi musu sutura a wurin. Suka miƙa masa zanen goyon.

Da rana ta take, Malam Nata'ala ya cire rawaninsa ya hau tsani. Ya ture jinkar rumbunan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki gatari ya fasa cikin kowanne, yadda mai wucewa zai ga babu komai. Sannan ya fita ƙofar gida ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku zo ku gani! Ba ni da ko ƙwaya! Ƙarya nake yi muku!"

Babu wanda ya fito. Baba Jaji an binne shi jiya. Sauran dattawan wasu sun tafi, wasu ba sa iya tashi daga shimfiɗa. Tawali'un da aka nema gare shi a gaban mutum shida, ya kawo shi ranar da babu mai karɓa a doron ƙasa. Ko an karɓa a sama, wannan ilmin yana wurin Allah.

Ya ci gaba da kira har muryarsa ta dushe. A cikin gida Rakiya ta kife turmin, ta zauna a kansa, da zanen goyon a cinyarta.