Mai Layin Yana Daji

Lambar waya ɗaya tak Audu ya haddace a duniya, ita ce ta matarsa Juliana. Ko tasa bai riƙe ba. Shi ya saya mata layin shekarar da suka tare a unguwar Television, kuma da yake a lokacin tana fama da laulayin cikin 'yarsu Vicky, shi ya je ya bi layi aka ɗauki hotonsa da yatsunsa, aka yi rajista da sunansa. Haka mazan unguwar da yawa suka yi wa matansu, kuma babu wanda ya ga aibun abin.

Ranar Talata masu garkuwa da mutane suka ɗauke Audu a gonarsa ta Kakau, yana cikin cirar masara. Da suka tambaye shi wa za a kira, lambar nan ya ba su. Sau biyu suka kira, kowane kira da sabuwar lamba, suna gamawa su kashe. A kira na biyu aka daidaita: kuɗin fansa, da katin waya guda goma na dubu-dubu. Suka ce ranar Lahadi da ƙarfe biyu na rana za su faɗi inda za a kai. Kafin ya kashe, mai maganar ya ƙara da cewa akwai iyalan da ke kashe waya idan sun gaji da mutuminsu, kuma su ba sa ajiye wanda aka gaji da shi.

Juliana ta sayar da injin niƙanta, zumuntar mata ta coci ta yi karo-karo, 'yan'uwa daga Kafanchan suka turo abin da ya sawwaƙa. Komai ya haɗu, ta ɗaure shi a ƙasan akwati. Sai ranar Asabar da yamma layin ya mutu. Saƙo guda ya shigo kafin nan, wai bayanan mai layin ba su dace da na shaidarsa ta ɗan ƙasa ba, an rufe. Ta hau keke Napep a guje zuwa ofishin kamfanin, ta tarar da ƙofa a garƙame. Maigadi ya ce sai Litinin.

Safiyar Lahadi ba ta je coci ba. Maƙwabciyarta Maman Joy ta shigo da tata wayar, suka zauna a kan benci a tsakar gida.

"Maman Vicky, ki kwantar da hankali. Mu kira kamfanin, ai akwai masu sauraron koke. Idan suka ji bayani za su buɗe."

Suka kira. Wata murya mai zaƙi, irin ta wadda ba ta taɓa kwana da yunwa ba, ta yi musu maraba. Ta ce su danna ɗaya, su danna uku, su danna sifili idan suna son magana da mutum, amma su sani ana cire kuɗi a kowane minti. Dā kyauta ne. Yanzu kamfani ne zai rufe maka layi, sannan ka biya shi kafin ya ji kukanka. Wannan rashin kunya ta isa.

Juliana ta danna sifili. Kiɗa ya fara. Can muryar ta dawo ta ce kiransu yana da muhimmanci, su ne na arba'in da biyu a layi. Suna na talatin da ɗaya kuɗin wayar Maman Joy ya ƙare, kiran ya yanke.

Mai shagon kati ya tafi coci, haka ma mai POS na bakin titi. Television ranar Lahadi da safe kowa yana gaban fasto. Juliana ta shiga ɗaki ta daɗe, sannan ta fito da katunan nan goma a hannu.

"A'a, Maman Vicky! Na mutanen ne fa."

"In babu layi, wa zan kai wa?"

Ta kankare na farko da farcenta, ta loda a wayar Maman Joy. Suka sake kira, suka koma ƙarshen layi, na hamsin da shida. Wannan karon sun kai na tara kafin sabis ya ɗauke. Ta kankare na biyu, ta kankare na uku. Rana ta hau, inuwar mangwaron gidan ta janye ta bar su a fili, ba wadda ta lura. Kiɗan nan ya shiga kan Juliana har ta tsane shi fiye da yadda ta tsani mutanen dajin, domin su ko ba komai suna amsa magana.

Ƙarfe ɗaya saura, a kati na shida, mutum ya ɗauka. Wata yarinya ce, da jin muryarta ba ta wuce shekara ashirin ba. Ta faɗi sunanta da sauri, ta tambayi da me za ta taimaka.

Juliana ta zuba mata komai, gonar, masarar, ƙarfe biyu. Aka ji ƙarar madannan kwamfuta.

"Sannu, Madam. Allah ya fito da shi. Amma da sunan wa aka yi rajistar layin?"

"Mijina. Audu."

"To, sai dai shi mai layin ya zo ofishinmu da kansa a sake ɗaukar yatsunsa."

"'Yata, ba ki ji ni ba ne? Mai layin yana daji. Layin ne zai fito da shi."

"Na ji, Madam. Wallahi na ji. Ni a nan ba ni da ikon buɗewa, kwamfutar ba za ta bari ba. Bari in haɗa ki da oga."

"Kada ki sa mini kiɗan nan! Don girman Allah, kada ki..."

Kiɗan ya dawo. Juliana ba ta ga laifin yarinyar ba, ta ji yadda muryarta ta karye a ƙarshe. Amma ogan bai ɗauka ba. Kati na bakwai ya tafi, na takwas ya bi shi, na tara ma haka. Mutane suka fara dawowa daga coci da kwalliyarsu, suna shigowa suna tsayawa jugum-jugum a bakin ƙofa. Wani ya ce a je wurin 'yan sanda, wani ya ce yana da ɗan'uwa a kamfanin amma a Legas yake. Babu wanda ya kalli agogo a fili, kowa satar kallo yake.

Ƙarfe biyu ta yi. Juliana ta ɗora tata wayar a cinya, cajinta cike, fuskarta na haske, ba abin da ya same ta. Biyu da kwata. Biyu da rabi. Wayar Maman Joy ce ta yi ƙara, duk gidan ya zabura. Saƙo ne daga kamfanin, suna godiya da kiran, suna roƙon a ba su maki daga ɗaya zuwa biyar.

Kati ɗaya ya rage. Juliana ta kankare shi a hankali, ta loda, amma ba kamfanin ta kira ba. Lambarta ta danna, wadda Audu ya haddace. Tana so ta ji abin da yake ji a can, yana durƙushe, an kara masa waya a kunne, mutanen suna kallonsa.

Muryar nan ce mai zaƙi. Ta ce lambar da aka kira a kashe take, a sake gwadawa an jima.

"A kashe," in ji Juliana. Ta ɗago ta dubi Maman Joy. "Ba su ce an rufe ba. Cewa suke a kashe take. Zai ɗauka ni na kashe."