Shida da Tara

Falle goma na mabul aka yanko mana daga dutse ɗaya, yadda ake yanka burodi. Wata uku ina binsu a waya: daga wurin haƙa zuwa jirgin ruwa, daga jirgi zuwa tirela, har suka iso cikin akwatunan katako, ko ɓantara babu. Fari ne dutsen, da wata jijiya ruwan zuma da ta ratsa shi. In an jera su bi da bi a bangon falo, jijiyar za ta haɗu ta zama kogi ɗaya daga ƙofa har taga. Ni na rubuta wa kowanne lamba da alli a baya.

Mai ɗora su kuwa Baba ne, mahaifina, shekararsa arba'in yana wannan aiki. A gida ni 'yarsa ce, a wurin aiki ni ke sa hannu a takardarsa, shi ya sa yake tsokanata da Manaja. Injiniya ya sha ce min tsohon ya isa hutu, ni kuma in murtuke fuska in ce ya kawo min wanda ya fi shi.

Da hantsi na shigo falon. Babu kujera, babu labule, sai hasken da ke zubowa ta dogayen tagogi da ƙurar siminti tana yawo a cikinsa a hankali. Na tsaya ina bin kogin da ido. Ya taso daga ƙofa, ya lanƙwasa, ya bi falle na biyar, sai ya yanke. Can gaba ya sake ɓullowa yana hawa sama, ruwa na komawa inda ya fito.

Falle na shida da na tara sun yi musayar wuri, kowanne kansa a ƙasa. Leburori sun gani tun da safe, amma wa zai buɗe baki ya gyara wa Baba? Gam bai gama kamawa ba, kafin azahar ana iya cire su. Injiniya kuma zai zo da yamma, kuma in ya ga bangon nan a haka, ba ni da sauran bakin kare Baba.

Yana zaune a kan akwati yana goge hannu da tsumma.

"Manaja, ya kika ga aikin tsohon?"

"Baba, laifina ne," na ce. "Ban ja layi a ƙarƙashin shida ba. In an juya ta, tara take komawa. Kowa ma zai ruɗe."

Ya ninke tsumman biyu, ya sake ninkewa.

"Ni yaushe na fara karanta lamba?"

Ashe yau lambar ya bi, ba jijiya ba. Tun ina ƙarama yake min dariyar alli, yana cewa mai ido jijiya yake karantawa, lamba ta makafi ce. Da bakinsa yake faɗa, yana ja min kunne. Sai a lokacin na tuna yadda bana yake shafa falle da tafin hannu kafin ya ɗaga, da yadda yake kai takarda dab da hanci yana cewa masu buga rubutu sun yi rowar tawada. Haushin kaina ya kama ni. Na iya gano tsaga kamar silin gashi a dutse, ban ga yanar da ke rufe idon ubana ba.

"Ɗauko bokiti," ya ce.

Haka ya koya min: busasshen dutse ba ya nuna fuskarsa sai an jiƙa shi. Na tsoma soso na bi bangon da shi. Farin ya yi zurfi, jijiyar ta taso tana sheƙi, ruwa na gangarowa har na rasa wanne ne na bokiti wanne ne na dutsen. Falon ya yi tsit, ƙarar injin yanka a waje ta koma can nesa. Na ji kamar in na miƙa hannu zai nutse har gwiwar hannu.

Baba ya sa leburori suka ciro fallayen biyu, aka kankare gam, aka mayar da kowanne gurbinsa. Ni ke cewa a ɗaga, a sauke, a matsa kaɗan, shi kuma yana bin gaɓa da yatsa har ta ɓace. Bai bar ko kaurin takarda ba.

Da aka gama ya tsaya a ƙofa, inda kogin ya faro, ya miƙo min hannunsa.

"Uwata, ɗora min yatsa a kai."

Rabon da ya kira ni haka a wurin aiki har na manta. Na riƙe yatsansa, muka bi jijiyar a hankali, falle bayan falle, ina gaya masa: nan ta yi siriri, nan ta rabu biyu, nan ta sake haɗewa. Da muka zo na shida sai na tsaya.

"Ci gaba mana," ya ce. "Tun bara rabona da ganinta."