Kantocin Baba

Shekara ashirin da biyu Baba yana riƙe da siton garejin nan, ko noti ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Sai ga sabon manaja, wanda ko warin baƙin mai bai gama sabawa da shi ba, ya aiko masa da takarda.

Baba ya miƙo mini ita a ƙofar siton, na kawo masa abincin rana. Idonsa ya yi rauni, ƙananan rubutu sun daina karantuwa gare shi, kuma ni kaɗai na san haka.

"Karanta mini, Auta. Me ya ce?"

Na karanta har na zo kan kalmar, na tsaya. Haphazard.

"Mene ne kuma wannan?"

"Wai tsarin kayanka ne, Baba."

"Na ji. Me take nufi?"

"Barkatai. Abin da aka yi kara zube, ba shiri, ba tunani. Ya ce ka jera komai bisa lamba kafin Litinin, ko a nemo wani."

Raina ya ɓaci. Barkatai? Baba bai taɓa jera kaya da lamba ba, da aiki yake jera su. Duk abin da gyaran birki ke buƙata yana kanta ɗaya, daga hagu zuwa dama, yadda bakanike zai buƙace su ɗaya bayan ɗaya. Masu nauyi daidai gwiwa. Kafin mutum ya rufe baki, Baba ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba. Manajan nan bai tambayi kowa ba. Leƙe ɗaya ya yi, ya koma ofis ya zaɓo kalma mai tsawo.

"Mu je mu yi masa bayani," na ce.

"In ce masa me? Ba na ganin lambar?"

Ya kwashe kwana biyu yana sauke kaya, ina karanta masa lambobi. Manaja ya zo ya ga layi reras, ya gyaɗa kai, har da cewa yanzu wuri ya zama wuri.

Ran Litinin na dawo da kwanon abinci. Babban bakanike na tsaye, hannu duk mai.

"Takalmin birki, Baba. Mai motar na jira."

Baba ya miƙa hannu inda ya saba, ya ɗauko filogi. Ya mayar. Ya laluba sama, ya laluba ƙasa, ya kai wani kwali har bakin hancinsa. Bakaniken ya kawar da kai don kunya.

Baba ya juyo wajena, kwalin na hannunsa.

"Auta, kalmar nan ta manaja," ya ce a hankali. "Yau na ga abin da take nufi."